Muddin Tana Cikin Gidan

Noelene Febey ta buga kartarta ta ƙarshe a kan tebur, ta miƙa hannu ta kwashe alewar da aka tara a tsakiya.

"Ku kawo," ta ce. "Ron, har da wadda ka cusa a hannun riga. Na gan ka."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sauran matan biyu suka rantse sun daina wasa da ɓarauniya, suna faɗa suna raba wata kartar.

Glenys na tsaye a ƙofar falon da jakar wanki a hannu, tana kallon uwarta. An gyara wa tsohuwar gashi, an shafa mata jan farce. Shekararta tamanin da bakwai, da sabon ƙarfe a ƙugu, amma ta fi kumari yanzu a kan ranar da motar asibiti ta ɗauke ta daga gida. Glenys ta manta rabonta da jin wannan dariyar.

Aka taɓa kafaɗarta. Sabitri ce, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da wannan ɓangare na gidan tsofaffin.

"Glenys, ba ni minti biyu a ofis."

Takarda ɗaya ce a kan teburin, da biro a gefenta.

"Kwana sittin da uku gwamnati ke tallafawa a shekara, in zaman wucin gadi ne," in ji Sabitri. "Noelene ta cinye hamsin da huɗu. Saura tara."

"Ba a ƙarawa?"

"Ko sun ƙara, sati uku ne, mu sake dawowa nan. Kuma mutum goma sha ɗaya ke layin gadon nan. In an sa hannu a takardar, ɗakin ya zama nata na dindindin. In ba a sa ba, ranar Juma'a ta sama ki zo da mota. Na tambaye ta, ta ce ke ce mai takardunta."

"Likita fa?"

"Abin da kika sani. Mutum biyu ke ɗaga ta, ko inji. Ke kuwa ke kaɗai ce, kuma ina ganin yadda kike dafe baya in kin sunkuya."

Glenys ta ninke takardar gida huɗu, ta sa a jakar wankin. Daga falo aka ji muryar Noelene tana cewa Ron in ba zai iya riƙe karta ba ya koma riƙe baki.

* * *

Gidansu na kan tudu a garin Burnie, na katako ne, yana fuskantar teku da tsohuwar masana'antar takarda inda Athol Febey, uban Glenys, ya yi shekara talatin da biyar yana shaƙar abin da ya kashe shi. Glenys ta san akwai bashi a kansa. Kowa a gidan ya sani, yadda aka san akwai gara a ginshiƙin baya: ba a maganarsa.

Shekara goma sha bakwai ke nan da aka ci bashin. Rufi na yoyo, mota ta mutu, ga Darryl, ƙanin Glenys, yana neman jarin sayen babbar mota. Athol ya ga tallar a talabijin bayan labarai: tsofaffi biyu suna dariya a bakin ruwa. A ba ka kuɗi a kan gidanka, ba ka biyan ko sisi muddin kana zaune a ciki. Kuɗin ruwa na taruwa a gefe, yana haihuwa, jikokinsa ma suna haihuwa. Sai ranar da mai gida na ƙarshe ya mutu, ko ya bar gidan, a zo a yi lissafi. Dala dubu tamanin suka karɓa.

Washegarin maganarta da Sabitri, da safe, Glenys ta ciro wasiƙun kamfanin daga gwangwanin biskit ɗin da uwarta ke tara su, ta buga lambar. Ta saurari kiɗa na minti ashirin kafin wata mata mai taushin murya ta ɗauka.

"Ya zuwa ƙarshen watan jiya, dala dubu ɗari uku da goma sha takwas," in ji matar.

"Dubu tamanin fa suka ci."

"Haka ne. Ruwa ne ya hau kan ruwa. Amma ki kwantar da hankalinki, ba za mu taɓa neman abin da ya wuce kuɗin gidan ba."

"In ta koma gidan tsofaffi gaba ɗaya fa?"

"To bashin ya nuna ke nan. Mukan ba iyali 'yan watanni su sayar."

"Ni a gidan nake. Shekara goma sha bakwai ina ciki."

Aka ji ƙarar maɓallai. "Bari in duba takardar asali. Akwai wurin da ake tambaya ko wani na zaune a gidan ban da masu karɓar bashin. Da an rubuta sunanki a lokacin, da akwai abin da za mu duba. Amma a nan an rubuta babu kowa."

Glenys ba ta buƙaci a karanta mata ba. Ita ta dafa shayin da wakilin kamfanin ya sha a ranar. Kwananta huɗu da dawowa daga Melbourne, da akwati biyu, aurenta ya mutu, tana da shekara arba'in da biyar. Tana kicin ta ji mutumin ya yi tambayar, ta ji ubanta ya ɗaga murya don ta ji:

"A'a, mu biyu ne. Waccan 'yarmu ce, hutu ta zo daga Melbourne. Sati biyu za ta yi. Tana da babban aiki a can."

A wannan layin, mace mai furfura da ta dawo ɗakin da ta yi ƙuruciya abin hira ce a kulob har Kirsimeti. Athol bai iya lallashi ba, bai taɓa ce mata sannu da abin da ya same ta ba. Wannan ƙaryar ita ce sannunsa. Glenys ta tuna ta tsaya riƙe da butar shayi, idonta ya kawo ruwa don godiya.

"Akwai wani abin da zan taimaka miki da shi yau?" in ji matar.

"Babu."

Sati biyun ya zama shekara huɗu na jinyar huhun Athol, sannan sauran na Noelene. Aikin kanti da ta samu ta rage shi zuwa kwana biyu, daga baya ta ajiye. Abin da take ci yanzu alawus ɗin masu jinya ne, shi ma yana tsayawa in babu wanda ake jinya. Shekararta sittin da biyu. Fansho sai sittin da bakwai.

* * *

Darryl ya ɗauki waya yana tuƙi a wani wuri a Queensland, rediyo na tashi.

"A sayar mana, Glen. Katako ne da kwano. Ke kaɗai ke ganin fada ce."

"Na sa an kimanta. Dubu ɗari huɗu da talatin, in an yi sa'a. Cire bashi, cire dillali. Abin da ya rage na Mama ne, gidan tsofaffi za su riƙe."

"To ai shi ke nan, an rabu lafiya."

"Ni kuma in kwana a ina, shashasha?"

"Haba, kada ki fara. Ki taho Mackay, ki huta da sanyin nan. Akwai ɗakin nan mai taya a bayan gida, kare ne kawai ke kwana ciki." Ya rage ƙarar rediyon. "Bari dai in tuntuɓi uwargida Tracey. Kin san ta."

"Na san ta. Daz, dubu talatin ɗin da Baba ya ba ka, ka san nawa suka zama yanzu? Sun kusa dubu ɗari da ashirin."

"Kyauta ya ba ni. A gabanki ya faɗa."

"Ina motar?"

"Motar da ta ci ni da rai? Glen, ke fa shekara goma sha bakwai ba ki biya haya ba. Ban taɓa buɗe baki ba."

"Zo ka wanke wa Mama gindi sati ɗaya, sai mu yi lissafin hayar."

"Zan shiga ramin da hanya ke bi ta ƙarƙashin dutse, layi zai yanke," ya ce. Babu rami tsakanin Mackay da ko'ina. Layin ya yanke.

Ranar Asabar ta je duba wani ɗaki da falo da aka sa haya a bayan tashar mai. Ta ƙirga mutum ashirin da shida a layi, cikin yayyafi, kowa da takardun albashinsa a leda. Dala ɗari uku da arba'in a sati. Yarinyar dillalan ta tambaye ta wasiƙar maigidan hayarta na baya. Glenys ta ce uwarta ce. Yarinyar ta yi murmushi, ta rubuta wani abu gajere. A ofishin gidajen gwamnati an riga an gaya mata: ta cike fom, ta jira shekara biyu, wataƙila uku. Mutumin ya tambaye ta ko tana da mota. Sai da ta fito ta gane wurin kwana yake nufi.

A motar ta zauna, ta ciro takardar Sabitri ta shimfiɗa a kan sitiyari. Ta tuna daren da ta tsinci uwarta a ƙasan banɗaki, ta tuna jan farcen. Ta sa hannu. Rubutun ya karkace saboda sitiyarin, amma sunanta ne.

* * *

Ranar Lahadi ta tarar da Noelene a ɗakinta, a kujerar bakin taga, an rufa mata bargo a gwiwa. Ɗakin da ɗumi. Ofis a rufe yake sai Litinin, don haka takardar na cikin jaka.

"Kin rame," in ji Noelene. "Me kike ci, iska?"

"Mama, ɗakin nan zai zama naki. Na sa hannu. Gobe zan miƙa."

"Mu gani."

Glenys ta ba ta. Tsohuwar ta sa tabarau, ta karanta tun daga sama har ƙasa, a hankali, leɓenta na motsi. Sannan ta yage takardar biyu, ta haɗa, ta so ta sake yagewa, yatsunta suka kasa. Ta ajiye a cinya.

"Mama!"

"Kin ɗauka ban iya karatu ba? Wasiƙun kamfanin nan ni nake buɗe su kafin in sa a gwangwani. Duk wata shida. Na san lambar fiye da ranar haihuwarki."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"In ce me? Na zaci zan mutu da wuri, kamar mai hankali. Da na bi ubanki a shekarar, da kin samu abin sayen ɗan ɗaki. Sai na zauna ina ta rayuwa, su kuma suna ta ƙirgawa." Ta cire tabarau. "Ubanki ya so ya rufa miki asiri. Wawan kirki. Ina zaune a gefensa, na ji, ban ce uffan ba. Ni ma kunyar nake ji."

"Ya wuce. Nan ya fi miki. Akwai inji, akwai ma'aikata dare da rana, ga su Ron."

"Ron ɓarawo ne. Abincinsu ba gishiri. Ana tashin mutum ƙarfe shida kamar soja. Na gaji da su, gida zan koma."

"Ƙarya kike yi."

"Uwarki kike ce wa maƙaryaciya? A bakin wa kika koya?"

"Ba zan iya ɗaga ki ba, Mama. Bayana ya lalace."

"Sai in rage ci." Noelene ta juya tana kallon taga. "Saurara, Glen. Takardar ta ce muddin ina cikin gidan. Ba ta ce ina rawa a ciki ba. Numfashi kawai suke so, numfashi kuwa na iya shi, shekara tamanin da bakwai ina yi. Ki ja ni zuwa sittin da bakwai ɗinki, ki samu fansho, sunanki ya fito a layin gidaje. Daga nan kowa ya kama gabansa."

"Shekara biyar ce fa."

"Kakarki ta kai casa'in da huɗu, don mugunta kawai."

Glenys ta yi gardama sau biyu. Ba ta yi ta uku ba. Wani abu ya saki a ƙirjinta, mai kama da sauƙi, ta ji kunyarsa tun kafin ya gama sauka. Dukansu sun lura. Noelene ta miƙa mata yagaggiyar takardar.

"Jefa a kwandon waje. Kada Sabitri ta gani ta zo tana yi min wa'azi."

Ranar Juma'a Noelene ta juye wa Ron duk alewar da ta ciyo a karta cikin wata biyu, ta ce ya shaƙe. Tsohon bai yi dariya ba. Sabitri ta raka su har mota, ta nuna wa Glenys yadda ake ɗaura ɗamarar ɗagawa, yadda ake lanƙwasa gwiwa ba baya ba. Da aka rufe wa Noelene ƙofa, ta rage murya.

"Gadon an bayar tun jiya. Kuma ki sani, in ta sake faɗuwa aka kai ta asibiti, ba za su sallame ta zuwa gida ba. Duk inda aka samu gado, can za su tura ta, ko da can Launceston ne, duk nisansa."

Gilashin motar a ɗan sauke yake. Noelene na kallon gaba, jakarta a cinya.

* * *

Aka sauko da gado falo, kusa da murhun itace. Wata mata na zuwa Litinin da Alhamis ta taya wanka, minti arba'in. Injin ɗagawa an rubuta su a layi. Sauran kwanakin Glenys ce da ɗamara: daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, sau shida, sau bakwai. Ta koyi haɗiye ƙara. Noelene ta koyi rage shan ruwa don a rage tafiyar, Glenys ta gane, suka yi faɗa a kai, babu wadda ta ci.

Jan farcen ya bi farce ya fita. Karta ta mutum biyu ba ta da daɗi, sun gwada sun bari. Noelene takan yini tana kallon jiragen ruwa na lodin katako. Kowace safiya Glenys kan tsaya a ƙofar falo kafin ta kunna wuta, ta kasa kunne. In ta ji numfashin, sai ta saki nata. Ta daina tambayar kanta wanne daga cikin dalilan biyu, uwar ko gidan, ke tsayar da ita a wurin.

Darryl ya aiko da furanni ranar haihuwar Mama. Kamfanin ya aiko da wasiƙarsa.

Ranar wata Talata a watan Agusta, tsakiyar hunturun garin, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, suna dawowa daga banɗaki ta lungun da ke kaiwa falo, bayan Glenys ya riƙe. Ba ta saki ɗamarar ba, hannunta ne ya buɗe da kansa. Noelene ta tafi a hankali, ta gefe, kamar rigar da ta zame daga ƙusa. Ƙarar ba ta da yawa.

Glenys ta rarrafa ta ɗauko waya daga kan teburin lungun. Ta danna sifiri uku, lambar gaggawa.

"Ajiye," in ji Noelene daga ƙasa.

"Mama, ƙafarki."

"Ba ta karye ba. Na san karaya, na taɓa yi. Ajiye wayar nan, Glenys Febey."

"Sai an duba ki."

"In suka ɗauke ni, kin san ba na dawowa. Kin ji abin da yarinyar nan ta ce, ni ma na ji." Ta ja numfashi ta haƙora. "Col zai dawo daga tashar jirgi ƙarfe huɗu da rabi. Ƙato ne, hannu ɗaya zai mayar da ni gado. Ki ce masa zamewa na yi."

Col maƙwabcinsu ne, ba ya ɗaukar waya a wurin aiki. Glenys ta gwada sa hannu a hammatar uwarta. Tsohuwar ta yi wani sauti da Glenys ba ta taɓa ji ba, ita ma bayanta ya amsa. Ta bari.

Ta kawo matashi ta tura ƙarƙashin kan. Ta kawo barguna biyu, don lungun ba ya samun ɗumin murhu, iskar teku na shigowa ta ƙasan ƙofa. Da ta zo rufe ƙafafun, ta ga ta hagu ta juya waje, ta fi 'yar'uwarta gajarta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja bargon ta rufe.

"Yaya take?" in ji Noelene.

"Tana nan."

"Na gaya miki. Haɗa mana shayi. Ki sa min sukari biyu, yau ba mai gani."

Ta haɗa, ta sa tsinken roba a kofin. Noelene ta zuƙa sau biyu ta kau da kai. Fuskarta ta yi fari, gumi ya tsattsafo a saman leɓenta duk da sanyin. Glenys ba ta iya zama ba saboda bayan, don haka ta kwanta a kan katakon, a gefen uwarta, kafaɗa da kafaɗa. Wayar na tsakaninsu, sifiri ukun na kan gilashi, saura a taɓa koren maɓallin kira.

A waje babur ɗin mai wasiƙa ya tsaya, murfin akwati ya yi ƙara, ya wuce gida na gaba.

"Ƙarfe nawa?" in ji Noelene, idonta a rufe.

"Sha biyu saura kwata."

"To. Ai an kusa."

Hasken wayar ya dushe, ya mutu. Glenys ta taɓa shi da yatsa, lambobin suka dawo. Ta zuba musu ido har suka sake dushewa.